Numfashin Baba a Kwalin Ashana

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya, ya kuma dafa maka a kan aikin nan naka da ba ya barin mutum ya huta. Mu nan muna nan, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana hawa matakala ba tare da ta yi wa wanda ya gina ta faɗa ba. Gwaggo ta zo ta yi mana kwana uku ta koma. Jikin Baba kuwa, ba zan yi maka kwana-kwana ba, ya ja baya sosai tun tafiyarka. Yanzu a zaune yake barci da matashi uku a bayansa, kuma daga gado zuwa banɗaki sai ya tsaya sau biyu. Ranar Talata likita ya ja ni gefe ya ce huhun ya gaji, mu riƙa yi masa abin da ransa yake so. Ka san abin da wannan magana take nufi. A kan abin da yake so ɗin na ɗauki alƙalami, kuma ka yi haƙuri da tsawon takardar, laifi zan faɗa, mai laifi kuwa bai iya gajarta zance ba.

Ka tuna busar da Baba ya je ya yi a gidan rediyon da nake aiki, sati biyu kafin ka tafi, shi da tsohon abokinsa mai ganga. Shekara talatin ya yi yana hura ƙahon Turawa da ake kira saksafon a otal, yana busa abin da masu rawa suka nema. Da ya ajiye aiki sai ya kama jaz ɗin nan da ba a rubuta shi, ba a shirya shi, wanda shi yake kira sakakken kiɗa, kai kuma kake kira ƙofar gareji. Ranar nan suka shiga ɗakin ɗaukar murya su biyu, ba takarda ba gwaji, aka kunna jar fitila, suka yi minti arba'in da ɗaya. Ina tsaye bayan gilashi ina kallo. Ƙahon ya yi kuka, ya yi gurnani, ya yi tsuwa, sannan ya yi shiru, sai ka ji Baba yana jan iska da ƙyar, ƙirjinsa yana ƙara. Mai ganga kuma sai ya jira shi, ya amsa wa numfashin da ɗan shafa a fatar ganga. A babban zaren ɗaukar murya guda aka ɗauka, injiniyanmu ya kwafa a kaset ɗaya tak, wato kaset ɗin da Baba ya sa maka a aljihun jaka da hannunsa.

Bayan tafiyarka da wata guda aka sa busar a shirin yammacin Asabar. Ka san aikina ne buɗe wasiƙun masu sauraro in buga masu kyau a tafireta domin mai gabatar da shiri ya karanta. To Yaya, tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin wasiƙu sun zubo irin na satin ba. Wani direba ya ce sai da ya tsaya a gefen hanya ya buɗe gaban motarsa, ya ɗauka bel ne ya tsinke. Wani tela ya ce ya kai rediyonsa wurin mai gyara, aka kwance shi kaf ba a ga komai ba. Wani malamin makaranta ya cika shafi uku yana bayanin cewa kiɗa yana da ƙa'ida kamar nahawu, kuma wanda ya yi wannan abu ko dai bai iya ba ko dai ya raina mutane. Wata ta tambaya ko akuya ce ta maƙale a shinge muka kai mata makirfo. Mutum ɗaya ya yaba, shi ma da wasu manyan kalmomi da ko shi ban jin ya gane su. Amma mafi yawa a kan numfashin suka tsaya. Suka ce an kawo tsoho mai ciwon ƙirji yana haki a kunnen jama'a, in asibiti suke son ji sun san hanya.

Baba ya hana ni ɓoye masa. Kullum na dawo aiki sai ya sa na zauna a bakin gado na karanta masa, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ta direban nan sau uku ya sa na maimaita. Ya ce malamin makarantar ya fi kowa kunne, tunda ya lissafa wuraren da aka karya ƙa'ida har goma sha bakwai, ai sai wanda ya saurara daga farko har ƙarshe. Mai yabon kuwa, ya ce wannan bai ji komai ba, kansa yake saurare. Shi yana dariya, ni ina cin wuta. Ina shiga ofis in ji abokan aiki suna kwaikwayon hakin, in sun gan ni su kama duba takardu. Akwai kuma wasiƙa ɗaya da ban karanta masa ba. Wata mata ce ta rubuta da fensir, ta ce ba ta san kiɗa ba kuma ba za ta ce ya yi mata daɗi ba, amma ta kasa kashe rediyon. Ta ce ta yi jinyar mijinta wata takwas da ciwon ƙirji, kuma inda ƙahon yake tsayawa mutumin ya jawo iska, haka mijinta yake yi a kwanakinsa na ƙarshe, ba ta taɓa zaton za ta sake jin sa ba. Ta roƙi a maimaita. Na ninke takardar na cusa a ƙasan aljihun tebur, domin abin da ta ji shi ne abin da nake toshe kunnena kada in ji.

Saboda yawan surutun, mai gabatar da shiri ya ce za a sake sawa. Nan shaiɗan ya hau kaina. Ranar Laraba da hantsi na shiga wurin injiniya, na same shi yana shan shayi, na ce masa a ɗan gyara zaren kafin Asabar. Kalmar da na faɗa kenan, a ɗan gyara. Ya tambaye ni me za a gyara, na ce hakin nan da tsuwar nan da wuraren da aka yi shiru. Bai yi musu ba, ai aikinsa kenan kullum, in mai jawabi ya yi tari ko ya yi in'ina shi yake cirewa. Ya ɗauka Baba ne ya aiko ni, ni kuma ban ce masa a'a ba. Na ɗauka zai kwafa a wani zaren ya yi aikinsa a kan kwafin, ban san sabon zare ya ƙare a sito ba, ban kuma tambaya ba. Ashe gyara a wurinsu da reza ake yi. Zai murza zaren da hannu har ya ji inda numfashin ya fara, ya yi alama da farin fensir, ya yanke, ya liƙe bakin biyu, guntun ya faɗi ƙasa. Kwana biyu ya yi yana wannan aiki, da zuciya ɗaya, har yana alfahari da cewa ba za a ji mahaɗin ba. Minti arba'in da ɗaya suka koma ashirin da shida.

Ranar Asabar na ɗora wa Baba rediyo a kan cinya, Inna tana zaune tana tsinke zaren wata tsohuwar riga. Ban faɗa masa komai ba, wai ina jira in ga ya yi murna. Minti biyu da farawa ya ɗago kai. Ƙahon yana ta zuba ba tsayawa kamar na saurayi ɗan ashirin, ga mai ganga yana ta amsa tambayar da ba a yi masa ba. Baba bai kashe ba, ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni wane ne wannan. Na ce ai shi ne. Ya ce a'a, shi bai taɓa yin busa mai tsawon haka da numfashi ɗaya ba ko lokacin da yake da ƙarfinsa. Ya ce shekara talatin yana ɓoye numfashinsa a bayan kiɗa domin kada masu rawa su ji, sau ɗaya tak ya bari aka ji shi yadda yake, da gajiyarsa da komai, shi ne aka cire. Bai ɗaga murya ba, bai tambayi wanda ya sa ba. Ya dube ni kawai, ya miƙo mini rediyon, ya ce in gyara masa matashi. Wallahi Yaya da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Da sassafe ranar Litinin na ruga ɗakin injiniya. Kwandon shara wayam, mai shara ta kwashe tun Juma'a an ƙone a bayan gini. Injiniya da ya fahimci Baba bai sani ba sai ya zauna a kujera ya riƙe kai, na ce masa ba laifinsa ba ne, ni ce garin neman gira na rasa ido. Sai ga wasiƙu sun sake zuwa, wannan karon na yabo. Telan ya ce yanzu an yi kiɗa. Malamin makaranta ya ce ya ji daɗi an karɓi gyara. Na kai wa Baba ina tsammanin ko za su rage masa zafi, ya ce in bar su, ba shi aka rubuta wa ba. Tun ranar bai sake cewa a karanta masa komai ba, dariyar nan ta bakin gado ta ƙare. A cikin tarin akwai ta matar nan mai fensir, layi huɗu kacal. Ta ce ta gama aikinta da wuri, ta rufe ƙofa, ta zauna tana jiran wurin numfashin, har aka gama bai zo ba. Ta tambaya wane ne ya fitar da mutumin daga ciki.

Daga nan na ɗauko wasiƙunta biyu na durƙusa gaban Baba na karanta masa, na kuma faɗa masa gaskiya. Na ce ba zagin mutane ne ya kai ni wurin injiniya ba, wannan hujja ce na ba kaina. Ni ce ba na iya jin numfashin, domin duk ja ɗaya yana gaya mini cewa zai tafi ya bar mu, ga shi kuma ana watsa wa duk gari. Ya ɗora hannu a kaina ya ce ya sani tun ranar Asabar ɗin, kuma ya yafe. Sai ya ce amma matar nan tana da haƙƙi a kanmu, shi ma kuma yana so ya sake ji sau ɗaya, domin ranar da ya yi busar hankalinsa yana kan neman iska, bai samu ya saurara ba. Abin da ya roƙa kenan, bai roƙi wani abu ba.

Saboda haka Yaya, don girman Allah ka duba kaset ɗin nan. Baƙi ne, da farar takarda a jiki, injiniya ya rubuta kwanan wata da jan biro. Na san halinka, kaset ba ya kwana uku a hannunka ba ka toshe raminsa da takarda ka ɗauki sharhin ƙwallo ko surutun yara a kai ba, kuma na san ba son busar kake yi ba, kunyar Baba ce ta sa ka karɓa. Wannan tunani shi yake hana ni cin abinci. In yana nan lafiya, kada ka sa shi a rikodarka mai cin zare, kada kuma ka sa a gidan waya. Ka naɗe shi a tsumma ka ba abokin aikinka da ya kawo maka takardar nan, ya ce mini nan da kwana tara zai juyo. Na tambayi likita ko kwana tara ya yi yawa, ya ce komai na Allah ne. In kuwa ka riga ka ɗauki wani abu a kai, ka rubuto ka faɗa mini ni kaɗai, ba ni da bakin da zan ga laifinka.

Ka gaida mini da Anti ƙwarai, ka ce na ga ɗinkin da ta aiko wa Inna. Ka shafa mini kan Baba Ƙarami da 'yar autarku mai kuka. Inna tana gaishe ku, Gwaggo da Kawu ma haka, mai ganga kuma kullum ya zo duba Baba sai ya tambaye ka.

Abu ɗaya ya rage in gaya maka. Shekaranjiya injiniya ya ja teburinsa zai gyara waya, sai ya ga guntun zare ɗaya ya maƙale a ƙafar teburin, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba. Ya kwafa mini a kaset, guntun kuma na naɗe shi na sa a kwalin ashana, yana cikin jakata. Daƙiƙa biyu ne. Ba ƙaho, ba ganga, Baba ne kawai yana jawo iska. Na kunna masa, ya rufe ido, ya ce ya gane wurin, nan ne yake shirin yin doguwar busar nan ta kusa da ƙarshe. Jiya sau shida ya sa na mayar masa. Kowane karo sai ya ja numfashi tare da kaset ɗin, ya riƙe, yana jiran abin da zai biyo baya, sai zaren ya ƙare. Sauran yana wurinka, Yaya.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Auta