Ka Bar Bakin Tanderun Nan, Ukasha

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sabuwar randa a maƙogwaron matafiyi, tauraron da nake dubawa in gane gabas, Ukashana,

Assalamu alaikum. Da hannu nake rubuto maka, domin abokinka Jamal ya ce wayarka ta fashe ranar da ka faɗi, ni kuwa ba ni da halin hawa benen ɗalibai maza a unguwar Darrasa in gan ka da idona. Yaya jikin? Kana shan ruwa? Jirin ya sake ka, ko ɓoye wa Jamal kake yi?

Masoyina, wane irin gari ne wannan! Tun da Yuli ya kama, Alƙahira ta koma tukunyar da aka rufe da faifai. Ko ganye ba ya motsi. Laimar kogin Nilu tana tasowa tun da safe ta zauna wa mutum a ƙirji kamar jiƙaƙƙen bargo. In na yi wanka, kafin in ɗaura ɗankwali na sake jiƙewa sharkaf. Bangon ɗakinmu a unguwar Abbasiyya yana ƙona tafin hannu har bayan magariba, ruwan famfo kamar daga murhu aka sauke shi, in kuwa aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai ka ji jariran benen duka sun tsala kuka lokaci guda. A cikin wannan ne kai, hasken raina, kake tsayawa bakin tanderun gidan burodi tun hantsi, kana zurawa kana zarowa. Wuta a gabanka, wuta a samanka! Jikin ɗan Adam ne da kai ko ƙarfe?

Ka tuna yammacin da muka tsaya bisa gadar Nilu, ni da kai da ƙanwata Israa? Ka saya mana tirmis, jiƙaƙƙen waken nan mai gishiri, a ƙunshin takarda, iska ta ɗan taso tana wasa da bakin mayafina. Ka ɗaga kai ka dubi sama, fara fat babu ko ɗigon gajimare, ka ce a Gusau yanzu hadari ne ke haɗuwa, ƙasa na ƙamshi, gero ya kai gwiwa. Na ce mu ma a Mai Wurno ta Sudan haka ne, zafi in ya yi zafi ruwa yake kira. Ka yi dariya ka ce saman Masar ba ta san alkawari ba, gumi take sa mutum ta hana shi ruwa. A ranar na san zuciyata ta zama gonarka. Kaicona, ina dariya ban san wannan saman ce za ta nemi raba ni da kai ba!

Ranar Talata ina dawowa daga kasuwa na ga taro a gaban mai ruwan rake, kusa da tashar motoci. Takalminka na fara ganewa. Ka taso daga aiki za ka zo gaida Baba, ka sauko daga mota, ƙafafunka suka ƙi ɗaukarka. Mutane na kwara maka ruwa a ƙirji, wata tsohuwa na yi maka fifita da kwali. Na manta da kunya, na durƙusa na taɓa goshinka. Zafi kamar garwashi, amma a bushe ƙamas, babu gumi ko kaɗan. Ka buɗe ido ka dube ni, ka kira ni Murja, sunan yayarka. Ba ka gane ni ba, Ukasha!

Na san wannan bushewar. Ka sha tambayata yadda Inna ta rasu, ina ce maka a hanya ne kawai. To, ga hanyar. Da muka gudo daga yaƙi, a bayan buɗaɗɗiyar mota muka keta hamada daga Sudan zuwa Aswan ta Masar, rana a kanmu, ruwa ya ƙare. Inna ta ba Israa kurɓinta na ƙarshe. Da farko gumi take yi, sai gumin ya ɗauke. Ta fara kiran Baba da sunan ƙaninta, tana tambaya ko an shigar da awaki. Kafin rana ta faɗi ta cika a cinyata. Duwatsu muka tara a kanta, direba na ta yalla yalla, wai mu yi sauri. Shi ya sa da na taɓa goshinka duniya ta yi mini duhu. Har yau in na ji jiniyar motar asibiti ko in rana ta take, sai in ƙirga wa kaina mutanen da suka rage mini.

Yanzu kuma Jamal ya ce ranar Asabar za ka koma aiki, wai likitan da ya ce ka huta tsoro ne da shi, wai ka yi alkawarin ba za ka kai ni ɗakin da babu firji da na'urar sanyi ba. Wa ya roƙe ka? Me zan sanyaya a firjin in babu kai? Wace iska ce za ta shiga ƙirjina in naka ya daina numfashi?

Jiya na cire nauyin baki na sami Baba na faɗa masa komai. Idonsa ya kaɗa. Sannan ya ce in gaya maka shi ya riga ya binne mutum ɗaya saboda rana, ba zai ƙara ba. Ya ce ka zo Juma'a bayan la'asar, in inuwa ta yi tsawo, kai da malaminka, a sa rana. Tabarma da tulu sun ishe shi ganin ɗakin 'yarsa.

Don Allah, don darajar iyayenka, ka bar bakin tanderun nan har iskar kaka ta sauko. Ka bi gefen inuwa, ka jiƙa hularka, kada ka fito da azahar ko da ni ce na kira ka. Ni taka ce a zafi da sanyi, a wadata da babu, ba zan dubi wani ba muddin ina numfashi. Abu ɗaya nake nema a wurinka, ya abin ƙaunata: ka iso ƙofarmu ranar Juma'a da ƙafafunka, ka dube ni, ka kira ni da sunana.

Wadda ta ba ka amanar ranta har ƙarshen kwanakinta,
Hiba