Motar Baba Da Ƙafar Umma

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, Ya ƙara maka ƙarfin jiki, Ya sa albarka a neman da kake yi a can. Mu nan duk lafiya lau. Ciwon gwiwar Umma ya yi sauƙi, Kawu ya koma shagonsa bayan zazzaɓin da ya kwantar da shi, ni kuma ina nan ina fama da ɗalibaina. Na zaɓi in rubuto maka ne don na san halinka a waya, kafin in kai rabin magana ka riga ka yanke hukunci. Wannan karon sai ka karanta har ƙarshe, domin labarin da nake ɗauke da shi tun shekaranjiya ya hana ni zama wuri ɗaya don murna.

Ka tuna wata biyu da suka wuce, da motar Baba ta mutu masa a tsakiyar mararraba karo na uku, har babbar mota ta kusa bi ta kansu shi da Umma. Bakanike ya canza fulogi, ya canza famfon mai, ya kwana biyu yana yawo da ita bai ga komai ba. Daga nan kai da Kawu kuka ce ƙafar Baba ce ta fara rawa a kan kuloci, tsufa ya zo, a karɓi makulli. Ni ma na goyi bayanku, ba zan ɓoye ba, kuma ni aka ba motar nake zuwa makaranta da ita. Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa motar ma'aikata bai taɓa goga ko madubi ba, haka ya miƙo makullin. Umma kuwa ta yi rantsuwa ba ta ƙara shiga motar tunda ba mijinta ke ja ba. Sati bakwai ina tuƙa ta ni kaɗai, ko tari ba ta taɓa yi mini ba, har na ƙara gaskata cewa kun yi daidai.

To ranar Litinin ta makon jiya aka kwantar da ƙawar Umma a asibiti, dole ta janye rantsuwarta ta ce in kai ta dubiya. Ta zauna a gaba kamar yadda ta saba. Muna isa shataletale wani mai babur ya gifta, sai mota ta mutu murus, fitilu suka kama a gaban sitiyari. Na tayar, muka ci gaba. Wajen ƙofar asibiti wata akuya ta tsallaka, ta sake mutuwa. A wannan karon idona ya faɗa ƙasa, sai na ga Umma ta miƙe ƙafarta ta dama ta danne ƙasan motar da iyakar ƙarfinta, ta riƙe kujera da hannu biyu. Ashe duk shekarun nan Umma tana da nata birkin da take takawa a ɓangarenta. Na tambaye ta, ta ce ai tun tana amarya haka take yi, in ta ga abin tsoro ƙafar da kanta take tafiya.

Yaya, ban san yadda na ƙarasa dubiyar nan ba. Muna dawowa gida na bar injin yana aiki, na zagaya na zauna a kujerar Umma, na taka daidai wurin da take takawa. Mota ta mutu. Na tayar na sake takawa, ta sake mutuwa. Sau biyar na yi, ina dariya ni kaɗai a tsakar gida, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya.

Washegari na kai ta wurin mai gyaran wayoyin mota, wani dattijo da ake ce wa Mai Tabarau, shagonsa na bayan masu faci. Da na ba shi labari bai yi mini dariya ba, sai ya ce yawancin masu kawo masa mota ba su zuwa da rabin wannan bayani. Amma ya ce ba zai ɗora laifi a kan komai ba sai ya bi abu daki-daki. Ya duba kan batir, ya duba fis ɗaya bayan ɗaya, ya bi wayoyin da aka ɗaure a jikin ƙarfe ya ga ba wadda ta saki. Sannan ya ɗage kafet ɗin gaban kujerar Umma. A nan na ga abin da ban taɓa sanin yana wurin ba: wani ɗan akwatin ƙarfe mai girman littafi, da damin wayoyi a jikinsa. Ya ce ita ce kwamfutar injin, ita ke auna man da za a ba shi da lokacin da wuta za ta kama, in ta ɗauke ko na ƙiftawar ido ne injin ya tsaya. Farantin da ke kare ta tsatsa ta cinye shi, don ruwa ya daɗe yana ɗiga ta gefen gilashi, farantin ya lotsa har yana taɓa ta. Ya fara girgiza wayoyin, mota ba ta ce komai ba. Da ya ɗan buga akwatin da ƙotar sukudireba sai ta mutu nan take.

Ya cire kan batir, ya kwance akwatin ya buɗe a gabana. Wani wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen kifi. Ya ba ni tabaransa na ƙara girma ya nuna mini wasu ƙananan abubuwa uku masu kama da gwangwani da suka kumbura suka zubar da ruwansu, ruwan ya ci layukan da ke kan allon, ga kuma tsaga siririya kamar gashi ta ratsa gefe guda. Ya ce in ba a taɓa ba layukan suna haɗe, in aka danna sai tsagar ta buɗe. Ya ce zai iya yi mata dalma, amma ba zai yarda a ɗauki tsofaffi biyu a kan faci ba, gara a nemo wata.

Neman nan ya ba mu wuya. Kwana uku ina tashi daga makaranta ina wucewa kasuwar kayan gyara da lambar akwatin rubuce a tafin hannuna. Wani ya kawo mini wadda ta yi kama da tamu sak, yana rantsuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma harafin ƙarshe ya bambanta. Mai Tabarau ya kalla sau ɗaya ya ce ta mota mai canza giya da kanta ce, in mayar. A rana ta uku muka samu mai lamba daidai a wurin wani mai sayar da kayan motocin da suka yi haɗari. Ya buɗe ta ya ga cikinta tsaf, ya ɗaura, ya sa sabon faranti mai kauri, ya toshe inda ruwan ke shiga. Ya ce mun ci sa'a motar tsohuwa ce, ba sai an haɗa kwamfutar da makulli ta na'ura ba. Murɗawa ɗaya ta tashi, da wata murya mai laushi da na manta tana da ita. Na je na ɗauko Umma musamman don gwaji. Ta zauna ta taka da ƙafa ɗaya, ta taka da biyu, har da cije leɓe, injin ko gezau. Masu faci suka taru suna mata kirari, ita kuma tana cewa ashe ita ce ta jawo wa mijinta, dariya na neman koma mata kuka. Mai Tabarau ya ce mata tsatsa ce mai laifi, ita dai ta taimaka an kama ɓarawo.

Yanzu ga dalilin takardar. Da yamma na sami Baba a zaure, na durƙusa na ajiye makullin a gabansa, na ba shi labari tun daga farko, na nemi gafararsa. Da na gama sai ya ce mini shi ma a lokacin ya yarda da maganarku. Ya ce kullum da safe yakan zauna a bakin gado ya ɗaga ƙafarsa ta hagu ya zuba mata ido, yana jira ya ga rawar da aka ce tana yi, in bai gani ba sai ya ce wataƙila idon ma ya tafi. Yaya, ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Sannan ya turo mini makullin, ya ce babban ɗansa ne ya ce a karɓa, ba zai ɗauka ba sai ya ji daga bakinsa.

Don haka ina roƙonka, ranar da ka karanta wannan ka kira shi. Kada ka biyo ta kaina ko ta kan Kawu, kuma kada ka tsaya kwana-kwana. Ka ce masa mun yi kuskure, ya ɗauki makullinsa.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da yaranku Gimbiya da Sarkin Surutu, ka ce masa ina sane da alkawarin kekensa. Umma da Kawu suna gaishe ku. Baba ma ya ce in gaishe ka. Ina rubutun nan ina hango shi ta taga, ya wanke motar tas, ya duba mai da ruwa, ya goge gilashi, ya tsaya a gefen ƙofar direba da tsumma a hannu, bai buɗe ba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran ƙarar wayar Baba,
Auta