Mataccen Firjin Baban Yara

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? In har yanzu kina hawa benen nan da bokitin ruwa, to kada ki sake kawo mini kuka. Mu nan sai godiya, sai kuma gajiya, ita kam ta zama 'yar gida.

Kin tambayi jikin Baban yara. Yana ci yana sha, mantuwar ce dai take ƙaruwa. Jiya ya wuni yana tambayata ko an rufe shago, shagon gyaran rediyon da ya bari tun kafin auren Auta. Amma ni bai taɓa manta ni ba. Da safe in ya fito, kafin ina kwana sai ya ce Uwar Mita an tashi, kamar yadda yake tsokanata tun muna da ƙuruciya.

Makon jiya wata igiyar lantarki ta harɗe masa ƙafa a falo ya faɗi. Allah ya tsare, goshi ne kawai ya kumbura. Likita ya ce a rage kaya a gidan, a buɗe masa hanya. Shi ne Auta ta sauka da jakarta da wata dabara da ta gani a intanet. Wai ki ɗauki kowane abu ki riƙe a hannu ki tambayi zuciyarki, in ya faranta miki rai ki ajiye, in bai faranta ba ki yi masa godiya ki sallame shi. Na ce mata ranar da aka gan ni ina yi wa murfin tukunya godiya, sai a haɗa ni da ubanta a kai mu asibiti tare.

Ke dai kin san gidan nan. Tun da ya rufe shago ya kwaso shagon ya juye mini a ɗaka. Rediyoyin da masu su ba su dawo karɓa ba suna kan kabad, suna ƙarƙashin gado, har bayan ƙofar banɗaki. Kofunan shayina kuwa sun daɗe da tashi daga nawa, don kowace rediyo ya kwance sai ya zuba sukurorinta a kofi guda, wai kada su cakuɗe da na wata. Baƙo ya zo sai dai in ba shi shayi a kofin roba ina sunkuyar da kai. Uwa uba mataccen firjin nan da ya girke a korido tsakanin ɗakin kwana da falo, ya mayar da shi ma'ajiyar kayan gyara, mai karyayyen hannu da ya naɗe da shuɗin salatif. Ya cinye rabin hanya. Ƙuguna na hagu ya san firjin nan fiye da yadda ya san katifa.

Mun fara da kayana, kuma ba su ba mu wahala ba. Da muka zo kan nasa, Auta ta riƙa miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya yi masa murmushi, har mataccen batir, ya ce a ajiye, mai shi zai zo. Auta ta gaji ta ce to Mama ke za ki yanke. Ni kuwa na dafa firjin nan na tambayi zuciyata, wallahi ko ɗar ba ta yi ba.

Bayana ya riƙe, bari in tsaya nan. Ki gaida maigidan da yaran duka.

Taki har kullum,
Yayarki

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki lafiya, da mutanen gida. Na ji an ce ƙaramin naki ya yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Ki daina ba shi ruwan sanyi, ba kya jin magana.

An gama aikin. Babban yarona ya zo ya ɗauki ubansa a mota suka tafi shan iska, mu kuma muka kira mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ya zo da masu amalanke suka yi ta jida. Da aka zo fitar da firjin sai da aka cire ƙyauren falo. Na tsaya ina kallonsa yana tafiya a kwance a kan amalanke, Auta ta ce Mama ki yi masa godiya mana, na ce ya je Allah ya haɗa shi da ƙugun wani.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Na wanke kofunana na jera su. Ashe akwai taga a ƙarshen koridon nan, kwalaye ne suka toshe ta shekara da shekaru. Na yi ta kai da komo a wurin ina kaɗa hannu kamar yarinya, ba abin da ya buge ni. Auta ta ɗauki hotuna ta tura wa ƙawayenta, ta koma gidan mijinta tana murna.

To amma ƙanwata, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Washegari da safe Baban yara ya fito daga ɗaki, ya zo tsakiyar korido ya tsaya cak. Ya miƙa hannu a iska yana lalube, daidai inda hannun firjin yake a da. Ya daɗe a haka. Ni duk zaman nan ban taɓa lura ba, ashe kullum in ya fito sai ya kama hannun nan ya buɗe ya leƙa ya rufe, sannan ya juya falo ya kira ni. Ranar bai juya ba. Da na je na kama shi, sai ya dube ni ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni baiwar Allah.

Na ce gajiyar yawon mota ce, zai ware. Bai ware ba. Yanzu yana zama a bakin kujera, hannuwa a kan gwiwa, kamar mai jiran layi a asibiti. In na kawo abinci sai ya yi ta godiya, ya ce an ɗora mini nauyi. Na ba shi shayi a ɗaya daga kofunan da na ƙwato, ya leƙa ciki ya juya shi, ya ajiye bai sha ba. Shekaranjiya ya ce mini gidan nan yana da kyau da tsabta, Allah ya saka, amma a taimaka a mayar da shi gida, matarsa tana jira, kuma mace ce mai mita, in ya makara ba zai sha da daɗi ba.

Na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji kukana. Kada ki faɗa wa Auta wannan, yarinyar alheri ta nufa.

Ki gaida kowa. Ki sa mu a addu'a.

Yayarki

*

Ƙanwata ta kaina,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Na ga saƙonki, na gode. Kin ce in zo in huta a wurinki. Wa zan bar wa shi?

Abin ya ƙaru. Ranar da nake shanya a bayan gida ya buɗe ƙofa ya fice neman gida. Na fito ba takalmi ina tambayar duk wanda na gani. Mai askin bakin titi ne ya gan shi a tashar mota yana roƙon direbobi, ya riƙo hannunsa ya dawo mini da shi. Da suka iso ƙofa sai ya turje, ya ce ba nan ba ne. A gaban maƙwabta, ƙanwata. Gidan da ya yi wa fenti da hannunsa.

Babban ya zo da yamma ransa a ɓace. Ya ce ni kaɗai ba zan iya ba, ƙarshen wata zai ɗauke shi ya kai shi gidansa, akwai maigadi, zai kuma ɗauko mai jinya. Ni in zauna in huta, in riƙa zuwa dubiya. Dubiya! Mutumin da na san tarinsa a cikin tarin mutum ɗari. Na san gaskiya yaron yake faɗa, na gaji, gwiwoyina sun gaji, har gashin kaina ya gaji. Amma in a gidansa ya zama baƙo, a can me zai zama? In aka fitar da shi daga nan bai gane ni ba, na san shi ke nan, a baiwar Allah zan ƙare.

Na ce wa Babban ya ba ni zuwa ƙarshen watan. Da gari ya waye na bar Baban yara wurin matar maƙwabcinmu, na kulle ƙofar waje, na nemi filin mai tsofaffin ƙarafan nan. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Tulin ƙarfe ya fi gidanmu tsawo, ga ƙarar guduma, ga tsatsa tana bin zanena. Mutumin ya gane ni, ya zaci wani abin daraja na manta a ciki. Da na ce firjin nake so ya dawo, sai ya cire hula ya sosa kai, ya ce Mama ai ke kika ce kada ki sake ganinsa. Na ce na faɗa, yanzu kuma na janye, bakina ne.

Rediyoyin an farfasa su tuni. Firjin ma an buge shi an cire abin da za a cira, gangar jikin ta tafi a babbar mota. Muka yi ta zagaye ina ɗaga ƙafa a kan ƙarafa har na fara ganin jiri. Can a jikin katanga, cikin wasu ƙofofi da aka jingine, na hango shuɗin salatif. Ƙofar ce kaɗai ta rage, ta lotsa a gefe, amma hannun yana nan yadda ya naɗe shi.

Na biyo mai amalanke a ƙafa har gida, mutane suna kallon tsohuwa tana rakiyar ƙofar firji. Gobe kafinta zai zo. Ban san ko hauka nake yi ba, kuma na gaji da yawa da zan tsaya tunani.

Ki gaida maigidan, ki ce na gode da maganin shafawar da ya aiko mini.

Yayarki

*

Ƙanwata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta yara. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, hannuna ne ya ƙi riƙe biro.

Kafinta ya zo. Na ce ya haɗa mini akwatin katako mai tsayin firji da faɗinsa, ya kafa a korido, ya ɗaura ƙofar a jiki. Ya auna wurin ya ce Mama zai tare hanya fa, bari in rage masa ciki. Na ce kada ya rage ko ɗan yatsa, sawun tsohon firjin yana nan a siminti, ya bi shi. Ya yi aikinsa yana satar kallona. Na bi maƙwabta na roƙo matattun rediyoyi, mai aski ma ya ba ni tasa. Na zauna da wuƙar kicin na kwance sukurori na zuba a kofunana, waɗanda na wanke na jera ina murna, na shirya su a cikin akwatin. Tagar ma rabinta ta sake toshewa da kwalaye.

Safiyar farko Baban yara ya fito ya miƙa hannu, hannun ya samu abin kamawa. Ya buɗe ya leƙa ya rufe. Ya wuce falo, ya zauna har cikin kujera ya miƙe ƙafa. Ni dai ina baiwar Allah har yanzu. Na ce to, ko wannan ma an samu.

Bayan kwana biyu na fito daga ɗaki da kwandon wanki, hankalina yana wani wuri, ƙafata ta riga ta saba da buɗaɗɗiyar hanya. Sai ji kake gum, ƙuguna na hagu, daidai tsohon wurin. Zafin ya hau mini har ka. Na manta da likita, na manta da lallashin da nake ta yi masa kamar ƙwai, na buɗe baki na zazzage masa. Na ce wannan tarkacen naka sai ya kashe ni za ka huta, mutum ya tara bola a gida ya hana mutane wucewa. Ina cikin faɗa na ji dariya daga falo. Ya ce Uwar Mita, an fara ke nan, ko shayi ba a ba mutum ba?

Na zauna a ƙasa a wurin, da kwandon a cinyata. Ban iya tashi ba sai da ya sake kira.

Kada ki ɗauka ya warke. Da la'asar ya sake tambayata ko an rufe shago, jiya kuma ya kira Babban da sunan ƙaninsa da ya rasu. Wata safiyar yana gane ni, wata sai na yi masa faɗa tukuna. Amma tun ranar bai sake cewa a kai shi gida ba, ko ƙofar waje bai nufa ba. Babban ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon akwatin, ya ce a bar maganar tafiyar tukuna, mai jinyar ta riƙa zuwa nan da rana. Na amince, don ni ma ina so in riƙa ɗan runtsawa.

Auta ta zo jiya. Ta ga abin a korido ta riƙe baki, ta ce Mama yanzu wannan yana faranta miki rai? Na ce mata a'a, ko kaɗan, na tsane shi kamar yadda na tsani na farkon, kuma duk wanda ya taɓa shi sai ya gamu da ni.

In za ki zo, ki taho mini da wani maganin shafawar, ƙugun ya yi baƙi. Ki kuma taho da kofinki, nawa duk suna aiki.

Ki gaida maigidan da yara, Allah ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Yayarki, Uwar Mita