Motar Baltimo Ba Ta Jiran Gladys

Tashar Mota, Zuru
3 ga Nuwamba

Zuwa ga matata Gladys, Maman Dinah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da Dinah da mijinta Dominic, da jaririn da kika je yi wa wanka. Yaya gwiwar? Mu nan lafiya lau, dawa ta nuna, akuyarki ta haifi biyu.

Bayan haka, ki miƙa jinjinata ga mutanen Amurka. Ashe akwai ƙasar da mota ke tashi da kujera arba'in da fasinja uku, don kawai agogo ya ce ta tashi! Shekara talatin ina kamasho a tashar Zuru, ina tsage maƙogwaro da kiran Kontagora saura mutum ɗaya, ashe wahalar banza nake. Mutanen nan sun ci gaba har sun wuce inda ake neman riba.

Na ji bayanin da kika yi mini a waya. Kin je tashar Baltimo, kin leƙa bas ɗin da zai kai ki filin jirgin Washinton, kin ga ba kowa, kin ce ai sai ya cika, kin shiga kanti nema mini hula. Kika fito ya tafi, jirgi ma ya tafi. Na yarda. Kowane ɗan Zuru zai iya yin wannan kuskure, sau ɗaya.

Amma Dinah ta ce akwai jirgin ƙasa, akwai tasi da ake kira da waya ta zo har ƙofar gida, ga motar Dominic tana kwance duk Asabar. Da aka sake miki rana, kika ce jirgin ƙasa ya cika gudu, direban tasi kuma ba ya ciniki, ba ki shiga motar da ba a tayawa. Gladys, ke da kike zuwa kasuwar Ribah a saman buhuna cikin damina, yaushe kika fara zaɓen mota? Wata uku kika ce, yau wata biyar. Tuwon da nake tuƙawa, karen maƙwabta ma ya daina zuwa. Ki dawo.

Mijinki,
Haggai

Zuru, 17 ga Nuwamba

Maman Dinah,

Ina gaisuwa. Yaya sanyi, yaya jikanki, ƙaramin maigidanki? Allah ya raya shi.

Dinah ta fasa mini ƙwan. Ashe ba mota ba ce matsalar, ni ne. Wai ranar da za ki tafi na ba ki gidan gaba, na ɗaure jakarki, na buga bayan mota, na juya lodin Yawuri ko hannu ban ɗaga miki ba. Wai a Abuja kowace mata da mai rakiyarta, ke kaɗai kika ja kayanki kamar mai gudun hijira. Wai sai kin ji zan tsaya da ƙafata a filin jirgi kafin ki shiga ko da keke ne.

Laifi na yi, ban musa ba. Na juya ne don kada direbobi su ga idona, abin da ya cika shi ba ƙura ba ce. Amma Abuja, Gladys? Ke kaɗai a duniya kika san kamashon Zuru ba ya iya zama cikin mota. Ina loda mutane zuwa ko'ina, ni kuwa da an wuce Dabai sai amai. Shekara talatin ina ɓoye wannan a tasha. In ya fito, da wane baki zan sake yi wa fasinja tsawa ya matsa?

Ki yi tunani. Ni ma ina yi.

Naki,
Haggai

Zuru, 2 ga Disamba

Gladys tawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ni da sauƙi.

Na gwada. Ranar Talata na hau babur har bayan Rikoto, na tsaya bakin hanya don in tari motar da ba ta san ni ba. Wa zai tsaya in ba Ezekiel ba, direban da na kora daga layin lodi makon jiya! Ya sauke fasinjan gaba, ya zaunar da ni da ladabi kamar shugaban ƙaramar hukuma. Kafin Rijau ya tsaya mini sau huɗu. A Kontagora mutum biyu suka fito da ni, wata mai ƙosai ta yi mini fifita da murfin roba. Kafin in dawo labari ya riga ni. Yanzu in na kira fasinja, direbobi sai su amsa da tambayar ko a ajiye mini leda.

To, abin ɓoyewa ya ƙare, kuma ban mutu ba. Ki ce wa Dominic ya tsayar miki da jirgin sha takwas ga wata. Zan taso tun sha shida da lemun tsami cike da aljihu, in kwana Minna in huta. Za ki same ni a ƙofar fitowa.

A gaida Dinah, a shafa mini kan yaro.

Mijinki mai jiranki,
Haggai

Af, na manta. In na iso Abuja yadda na isa Kontagora, tsakanin ni da ke, wa ya zo taryen wa?