Makullin Ƙofar Makaranta

Zuwa ga Abuna, limamin coci kuma tsohon shugaban makarantarmu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan tsufa yana bi da kai a hankali. An ce an fitar da kai daga Khartum tun farkon yaƙi. Ba ni da adireshinka, shi ya sa na ajiye wasiƙar nan a fili, ko wani zai karanta maka.

Ni ne Usman na Omdurman, Bahaushen nan da ya fi kowa makara.

Duk shekara kakan miƙa wa shugaban ɗalibai makullin babbar ƙofa, guda ɗaya tal, kai kanka ba ka riƙe wani. Shi zai buɗe da safe, shi zai fita ƙarshe. A shekararmu ga masu ƙoƙari, ga 'ya'yan cocinka, sai ka tsallake su ka saka shi a tafin hannuna. Malamai suka ɗauka zafin rana ne ya taɓa ka. Ni ma haka na ɗauka.

A mako na biyu motarmu ta maƙale a kan gada. Daga kasuwar Suk al-Arabi da gudu na ƙarasa. Na tarar da makaranta kaf a bakin titi, kai kuma a tsakiya cikin farar rigarka, kana karanta littafi a rana. Akwai guduma a ɗakin mai gadi, ka hana a taɓa kwaɗon. Na shirya wa bulala. Ka rufe littafin kawai ka ce, "Mun jira ka."

Na karanta littattafai da yawa kan shugabanci bayan haka, Abuna. Duk sun fi ka surutu.

Ga abin da ka jawo mini. Da mutanen layinmu suka fara gudun yaƙin nan, kowa sai ya biyo ta gidana ya bar makullinsa. Sun cika gwangwanin madara. Ina zagayawa da safe, in duba ƙofofi, in ba bishiyar lemun maƙwabciyata Hajiya Batul ruwa. Shayi ni kaɗai nake sha, har na fara yi wa tulu musu.

Hawwa matata tana Kassala da yara. Jiya ta ce haƙurinta ya kusa ƙarewa, in zaɓa, ko su ko gwangwani. Tana da gaskiya, kuma ina kewarsu fiye da yadda nake faɗa mata.

Wasu sun dawo sun karɓi nasu. Saura huɗu, har da na Hajiya Batul. Nakan hango ta a raina, da ciwon gwiwarta, ta iso ƙofarta ta tsaya a rana.

Na ce wa Hawwa ta ƙara mini lokaci. Ta kashe waya ba sallama.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa akwai mai buɗe maka ƙofa a inda kake. Ni kuma ya sanyaya zuciyar Hawwa, ya dawo da mutum huɗun nan da wuri.

Ɗalibinka da bai fita ba tukuna,
Usman