Ƙananan Rubutun Baba

Litinin, 5 ga Mayu

Yau ma na tsallake bayanin da marigayi Baba ya rubuta a gefen littafin fiƙihu. Ba na ganinsa, sai ka ce jerin tururuwa. Na ci gaba da ka. Dada, wadda ta girmi duk matan da nake koyarwa, ta ce, "Malama Mahbuba, da kina karanta mana abin da Malam ya ce a nan." Na ce lokaci ya ƙure. Allah Ya yafe mini.

Laraba, 7 ga Mayu

Idan idon nan bai gyaru ba, sallamar matan zan yi. Ba zan koyar da addini da cinta ba. Amma a hannuna makarantar gidanmu za ta mutu?

Asabar, 10 ga Mayu

Ƙanena Ikrima ya kai ni asibiti a Birnin Kudu. Likita ya ce yana ce ta rufe idon, aiki sai nan gaba. Tabarau bai yi mini komai ba.

Maimakon mu kamo hanyar Gwaram, sai ya ce yana da taron ƙungiyarsu ta masu kwamfuta, in ɗan jira. Na zauna can baya ina cika ina batsewa. Manyan mutane, har da masu furfura, kowa ya tashi ya nuna manhajar da ya samo a waya. Wani ta hasashen ruwan sama, wani ta gane cutar shuka. Na ce a raina, aikin yi ne ya yi musu kaɗan.

Sai wata Hajiya Kulu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta ɗora wayarta a kan kwalin magani, rubutun ya fito manya-manya. Ban san lokacin da na matso ba. Ta kalle ni, ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ce wa Ikrima, "Kawo wayarka a sa wa yayarka."

Lahadi, 11 ga Mayu

Ban taɓa wayar ba. Ni da nake yi wa mata faɗa a kan shafe-shafen waya!

Talata, 13 ga Mayu

Bayan sallar Asuba na rufo ƙofa, na riƙe wayar a saman shafin. Na tokare hannuna da matashi.

Ga rubutun Baba. Ga yadda yake jan wutsiyar harafi, har inda tawada ta ɗiga ya share da yatsa. Na karanta layi ɗaya, kuka ya hana ni na biyu. Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa Hajiya Kulu, Ya tsare mata nata idon.

Laraba, 14 ga Mayu

Na karanta musu gefen shafi, da waya a hannu, a gaban kowa. Dada ta ce, "Yau Malam ya dawo." Babu wadda ta yi dariya.

Asabar, 14 ga Yuni

Na bi Ikrima Birnin Kudu. Zuwa na yi kawai in yi wa Hajiya godiya, ba wai na shiga ƙungiya ba. Littafin ma don kada a taɓa shi a gida ne na tafi da shi. Da aka ce wa ke da abin nunawa, na ga dai shiru ya yi yawa, sai na tashi na nuna musu rubutun Baba a wayar.

Wani dattijo daga Kangire ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya ce shi ma na mahaifinsa na cikin gafaka, ya daina buɗewa. Na ce ya zo da shi wata mai zuwa, ina nan.