Inna, Sun Kira Ki Baƙuwa

Zuwa ga mahaifiyata abar alfaharina, Inna Rabi 'yar Malam Musa, wadda ke kwance a maƙabartar kambonmu, ƙauyen ma'aikatan gonar auduga, kudu da garin Hajj Abdalla a ƙasar Sudan.

Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ta wajaba a kan ɗa, da fatan Allah Ya yalwata makwancinki, ina neman izininki in shigar da ƙara. Na san mamaci ba ya karɓar wasiƙa, kuma ko kina raye ba ki karanta boko. Sai dai na kai kokena gaban rayayyu ma'abota digiri, sun saurare ni kamar mai sauraron kukan kwaɗo. Na zaɓi Hausa da gangan, domin da Larabcin jarida aka ci zarafinki, kuma ƙarƙashin sunana aka yi.

Kin tuna ranar da na shaida miki cewa aikin jarida zan karanta, domin in zama harshen marasa harshe, garkuwar raunana. Kina tankaɗe, ko ɗago kai ba ki yi ba, kika ce, "Haruna, nahawu ba ya tuƙa tuwo. Miƙo min rariya." Ban janye maganata ba har yau, amma na fara gane abin da kika hango.

Da na kammala jami'a, wata jarida a Khartum ta karɓe ni a matsayin mai koyon aiki. Na shiga da tsammanin za a damƙa mini alƙalami. Darasin farko da aka koya mini shi ne wane ustaz ke shan shayi da na'ana'a, wane ne ba ya son sukari. Darasi na biyu, inda ake sayo ful, dafaffen waken karin kumallo, ba tare da an tsuga masa ruwa ba. Ni da na rubuta kundin bincike a kan falsafar 'yancin faɗar albarkacin baki, na wayi gari ina ratsa titi da kwano a hannu.

Daga nan aka ɗaga darajata zuwa zaman benci a ƙofar ma'aikatu. In wuni ina jiran jami'i, ya fito ya ce a dawo gobe. In na samo labari, sai in kai wa Ustaz Awad, sakataren shafi, mutumin da jan alƙalaminsa ya fi wuƙar mahauci kaifi. Shafi biyu nake kai masa, ya mayar da su abin da tafin hannu zai rufe. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ya walad, kai yaro, jarida ba huɗuba ba ce. Wa, me, ina, yaushe. Sauran ka kai masallaci." Abin da ya tsira kuma sai ya fito da "daga wakilinmu", kamar ni ba a yanka mini rago ba. Na jure, Inna, domin buri guda nake da shi: in ga sunan ɗanki a bugu.

Sai ga wayar ƙanenki, Kawu Ilu, a ƙarshen damina. Gaɓar tur'a, wannan magudanar da ke shayar da gonakin auduga, ta fara zubewa daidai gefen maƙabarta. Ya ce, "Ruwa na cin kushewu, ɗan Rabi. Mun kai kuka ofishin ruwa, shiru. Kai ad da alƙalami, mi kaka jira?"

Na taho. Kin san mutanenmu, ba su sakin baki gaban mai takarda, sun sha ganin abin da takarda ke haifarwa. Amma ni sun zaunar da ni a tabarma, sun ce ɗan Rabi ne, a faɗa masa komai. Dattawa suka nuna mini kabarin Malam Musa, suka tuna mini cewa mahaifinsa na cikin waɗanda suka haƙa wannan tur'a da hannu. Na tsaya a kanki. Ƙasar gefenki ta yi duhu da laima, icen da muka kafa miki ya karkace. Ban yi kuka ba, rubutu na yi.

Karon nan na bi ƙa'idar Ustaz Awad sau da ƙafa, ban sa kalma ɗaya ta ado ba. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce da sunana zai fito. Nan take na kira Kawu, na ce a tura mutum kasuwar Hajj Abdalla gobe a sayo jarida, a tara jama'a.

A nan ne zan bayyana miki wata al'ada ta wannan sana'a, wadda hankali ba ya karɓa, shari'a ba ta yarda da ita. Ɗan rahoto yana rubuta gangar jikin labari ne kawai. Kan labarin, wato manyan baƙaƙen nan da ido ke fara faɗawa a kai, wani ne daban ke ɗora shi bayan marubucin ya tafi gida, gwargwadon filin da ya rage a shafi. Kamar a ce ki haifi ɗa, wani ya zo ya ɗora masa kan da ya ga dama.

Ga kan da aka ɗora wa nawa: "Baƙi 'yan ci-rani na neman gwamnati ta kare musu maƙabarta." Ƙarƙashinsa, a karon farko a rayuwata: Haruna Adamu.

Baƙi, Inna. Ke da aka binne cibiyarki a bayan ɗakin kakarki a kambon nan. Ke da kika ci ƙuruciyarki da tsufanki a duƙe kina cirar auduga har ƙaya ta mayar da yatsunki kamar ɓawon itace. Wane irin baƙo ne ke da uba da kaka a maƙabartar gari? Wane ci-rani ne ba ya ƙarewa har zuriya huɗu? Wannan ba kuskuren ɗab'i ba ne, tsagwaron jahilci ne da ya sami kujera da fanka.

An gaya mini yadda aka yi. Bayan la'asar jama'a suka taru gindin darbejiyar masallaci, aka miƙa wa mai karatu jarida. Ya karanta kai, ya karanta sunana, ya naɗe jaridar. Babu wanda ya ce a ci gaba. Da dattawa suka koma ofishin ruwa kuwa, jami'in ya shimfiɗa musu jaridar a tebur, ya ce kafin a duba batun gaɓa kowa ya kawo takardar jinsiya, shaidar zama ɗan ƙasa, tasa da ta ubansa, tunda ɗansu da kansa ya rubuta cewa baƙi ne. Ruwa kuwa bai jira jinsiyar kowa ba.

Na shiga ofishin Ustaz Awad, wanda shi ne ya ɗora kan, ban yi sallama ba. Na karanta masa ƙa'idojin amanar aiki, na kira abin da ya yi ƙazafi, tauye haƙƙi, da cin amanar tarihi. Yana juya cokali a kofi ya ce, "Ya zol, kai mutum, mutanen nan Hausa ne ko ba Hausa ba ne? To me na ƙara? Kuma 'mazauna kambon kudancin Hajj Abdalla' ba ta shiga layi ɗaya." Kin ji hujjar, Inna. Faɗin layi ne ya kore ki daga ƙasarki.

Na tsaya kai da fata sai an buga gyara. An buga, a can cikin jarida, ƙarƙashin tallar tayoyin mota, da baƙaƙe irin ƙafar tururuwa. Ladan taurin kaina kuma, aka ɗauke ni daga sashen labarai aka mayar da ni shafin ta'aziyya, inda aka ce harshena ba zai dami kowa ba.

Da na ji kambo ya gaji da jira ya kira gayya don a ɗaga gaɓar da hannu, na taho da gyaran a aljihu. Na miƙa wa Kawu Ilu hannu, ya dubi bakin fartanyarsa. Na yi masa bayanin al'adar kan labari dalla-dalla. Ya ce, "Wanda sunanai ag ga takarda, shi ad da magana." Na nuna masa gyaran, ya kanne ido ya neme shi, ya ce, "An mare mu tsakar kasuwa, an ba mu haƙuri cikin ƙuryar ɗaki." Duk balagata ta ƙare a nan. Bai ba ni hannu ba, kwando ya ba ni. Na yi jigilar ƙasa har wuyana ya ƙage, mata na guɗa suna cewa a yi wa ɗan jarida sannu kada alƙalami ya karye. Gaɓar ta tsaya, Inna. Laimar ta ja baya daga gefenki, na miƙar da icenki da hannuna.

Amma hannun Kawu na nan a raina.

Shafin ta'aziyya, ashe, yana da wata falala da masu hukunta ni suka manta: babu wanda ke taɓa masa kai. Ustaz Awad ba ya ko leƙa shi, wai yana karya masa zuciya. Da zagayowar watan rasuwarki ta zo, wani gurbi ya rage a shafin, na cike shi da ke. Ni na rubuta jiki, ni na ɗora kai, da mafi girman baƙaƙen da shafin ke ɗauka: "Rabi 'yar Musa, 'yar wannan ƙasa. A nan aka haife ta, a nan aka haifi mahaifinta, a nan take kwance." Ban sa kalma babba ko ɗaya ba. Da kin yi mamaki.

Ban ce kowa ya saya ba, amma jaridar ta isa gindin darbejiya. An ce Kawu ya sa an maimaita masa karatun, sannan ya kira ni. Bai ambaci jarida ba. Ya ce, "Ɗan Rabi, ka taho da Babbar Salla. Hannuna ya yi tsami, kai za ka riƙe min ƙafar rago."

Zan je, Innata. Zan biya ta wurinki kafin in shiga gida.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sanyaya ƙasar da ke rufe da ke, Ya nisanta ta da ruwan tur'a da alƙaluman marasa tsoronSa. Ya sa ki a gidan da ba a tambayar kowa takardar ubansa.

Ɗanki, mai koyon aiki har yanzu,
Haruna